Uwargida, Ki San Sauron Gidanki

Yau hirarmu a kan sauro ce, domin ba kowane sauro ne ke kawo zazzaɓin maleriya ba.

Iri uku ne suka fi yawa a gidajenmu. Na farko shi ne mai ruwan ƙasa-ƙasa, wanda ke hayayyafa a kwata da ruwan ƙazanta. Idan ya sauka a bango, jikinsa a kwance yake. Yana hana barci, amma ba ya ɗauke da maleriya. Na biyu baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, da rana yake cizo, a randa da tsofaffin tayoyi yake ƙwai, kuma shi ke yaɗa zazzaɓin shawara.

Na uku shi ne abin tsoro, masana na kiransa anofilis. Ki dube shi da kyau: fukafukansa na da ɗigo-ɗigo, in ya sauka sai ya sunkuyar da kai ya ɗaga bayansa sama. Macen ce ke cizo, galibi da dare. Tun 1897 likita Ronald Ross ya gano ƙwayar maleriya a cikinsa a ƙasar Indiya.

A ina yake zama? Ruwan sama da ya kwanta a rana yake so: sawun shanu, ramin da aka haƙa ƙasar gini, da ƙananan tafkuna a gefen gulbin Gagare nan Kaura Namoda, da Bunsuru ta wajen Zurmi da Shinkafi. Shi ya sa yake yawaita daga Yuli zuwa Oktoba. Tsutsarsa kwanciya take yi a saman ruwa, ta sauran kuwa reto take yi kai ƙasa. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwai ya zama sauro.

To yaya za ki yi? Ki cike duk wani rami a tsakar gida, ki sa maigida ya cike na ƙofar gida. Ki rufe randa, ki wanke ta duk mako. Yara da mai juna biyu su kwana cikin gidan sauro mai magani. Idan ma'aikatan lafiya suka shigo da maganin rigakafin damina na yara 'yan wata 3 zuwa 59, ki karɓa, ki ba da shi kwana ukun cif. Jikin yaro ya yi zafi kuwa, a kai shi asibiti a gwada jini ranar, kada a jira sai ya fara jijjiga.

Allah Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.