HULA DA RIGA GA ƊIYANMU LOKACIN ƊARI

Jawabin da anka yi ga taron ƙungiya, anka buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba

 

Iyayenmu dattawa, shugaban ƙungiya da mutanen biro, yayye da ƙanne mazauna Yamai, da ku waɗanda takardar ga za ta iske Kwatanu, Lome, Akara, Abijan ko Ikko, ina gaishe ku, ina yi muku barka da sanyi. Maganar da anka ba ni ta hular jinjiri ce, da safarshi da rigarshi. Wani zai ce zancen mata ne. Ina roƙon maza su saurara da kyau, don su ne masu saye, kuma su ne ba su gida lokacin da ake bukatar kayan.

Kowa ya san yadda shekara take ƙasar Kurfai. Da an yanke hatsi an kai damma rumbu, samari da magidanta sai su kama hanyar bida. Suna ba da baya, iskar gabas na tasowa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, sanyin asuba na sauka wajen digiri 15, wasu ranaku har kusa da 10, alhali da azahar zafi na kai 30. Garuruwanmu da yawa cikin Dallol Boso suke, kuma iska mai sanyi tana da nauyi, kwari take gangarawa ta kwanta. Shi ya sa wanda ya kwana Filinge ko Shikal ko Tukunus cikin Janairu bai mance asubar ba. Mai gida ya tafi da rigar sanyinshi. An bar tsoho da tsohuwa da mace da ɗiya ƙanana.

DON MI JINJIRI BA SHI JURE ƊARI

Babba in ya ji sanyi shina kyarma, kyarmar nan ita ke hura wutar jikinshi. Shina kuma jawo bargo ko shi matsa kusa da wuta. Sabon haihuwa ba shi kyarma irin tamu, ba shi magana, ba shi jawo zane. Fatarshi ba ta da kauri, kitsenshi kaɗan ne, kanshi kuma babba ne, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonshi. In kan nan na buɗe, ɗumi na fita ta nan kamar tukunyar da ba murfi. Don shi riƙe ɗuminshi, sai jikin ya ƙone abincin da ya kamata shi girma da shi. In abin ya daɗe, sai yaro shi yi laushi, shi bar kuka, shi bar kama nono. Uwa ta ce yau ɗana ya yi hankali, alhali ƙarfinshi ne ke ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake ce ma OMS, ta fitar da littafi bisa wannan a 1997. Zafin jikin jinjiri mai lafiya daga digiri 36 da rabi ne zuwa 37 da rabi. In an haife shi anka bar shi jiƙe ba rufi, cikin minti 10 zuwa 20 zafin na iya faɗuwa da digiri 2 har 4. Ƙasa ga 36 abin ya zama ciwo, ƙasa ga 32 rai na bakin fita.

Ba kowane gida ke da ma'aunin zafi ba, amma kowa na da hannu. A ɗora bayan hannu ga cikin yaro, sannan ga tafin ƙafarshi. In duka biyu da ɗumi, lafiya lau. In ciki da ɗumi ƙafa da sanyi, a ƙara mishi tufa a manna shi ga jikin uwa. In ciki da ƙafa duk sun yi sanyi, a ɗumama shi nan take, a nufi gidan likita da shi manne ga ƙirji.

RANAR HAIHUWA DA RANAR SUNA

Iyayenmu mata, ku kunka fi kowa sanin darajar ɗumi. Mai jego ana dafa mata ruwa safe da marece, ana dama mata kunu mai zafi, ana hana ta iska har kwana arba'in. To, jinjirin da ya fito daga cikinta ya fi ta bukatar ɗumi. Abin da likitoci ke roƙon ungozoma shi ne: da ya faɗo a goge shi da busasshen zane, a jefar da jiƙaƙƙen, a kwantar da shi bisa ƙirjin uwa fata ga fata, a rufe su tare, a sa mishi hula, a ba shi nono cikin awa ta farko. Wanka a jinkirta shi sai bayan awa 24. In gida ba su yarda da haka ba, ko kaɗan a jira awa 6. Farin maiƙon nan da ake haihuwarshi da shi ba ƙazanta ba ne, shina kare fata.

Wankan kowace rana kuma a bari sai hantsi ya dubi ludayi, cikin ɗaki, ƙofa rufe, da ruwa mai ɗumi, zane da riga na kusa. A yi shi da hanzari. Wankan asuba tsakar gida cikin jaura ya kwantar da ɗiya da yawa.

Ranar suna wanzami na aske kai. Sunna ce, ba mai cewa a bari. Abin da muke cewa: ɗan kwana bakwai, cikin Janairu, da sanyin safiya, an jiƙa kai an aske gashin da ke rufe shi, sannan ana miƙa shi hannu zuwa hannu ana sa albarka. Malamai su yi addu'a da safe kamar kullum, aski kuwa a yi shi cikin ɗaki ko a jira rana ta hau. Kuma hula ta zama hannun gwaggo tun wanzami bai wasa aska ba.

Bakwaini, da tagwaye, da duk wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, hankali biyu ake yi da su. A 1978, wani likita mai suna Edgar Rey, can Bogota ƙasar Kolombiya, ya rasa isassun kwalaben ɗumama jirajirai. Sai ya sa uwaye su ɗaura ɗiyansu ga ƙirji, tsakanin nonna, da banten tsumma da hula kaɗai, zane ya rufe su tare dare da rana. Ɗiya sunka rayu. A 2022 OMS ta ce a fara wannan goyon ƙirji tun daga haihuwa ga duk irin waɗanga ɗiya. Mu da munka gaji goyo, majanyi kawai za a juyo gaba. In uwa ta gaji, kaka ko uba na iya karɓa.

YAYAYYE, WANDA AKE MANCEWA

Jinjiri ko ba komi shina da bayan uwa. Wanda ya fi ban tausayi shi ne ɗan shekara 2 ko 3 da anka yaye, ƙane ya karɓe goyo. Ku tuna gidajenmu da sassafe: ga shi tsugune bakin murhu da 'yar riga guda, ba wando, ba takalmi, majina har baki, ƙafa ta yi faso. Da dare ya yi fitsarin kwance, ya kwana bisa jiƙaƙƙiyar tabarma. In kuma shina da tamowa, ba kitsen da zai tare mishi sanyi. Mutanen Filinge da Walam ba su mance yunwar 2005 ba, sun ga yadda ramammen yaro ke sanyi ko da rana.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Abin da babba ya sa ya ji daidai, a ƙara ma yaro ɗaya ko biyu bisa kai. Riguna biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri, don iskar da ke tsakaninsu na riƙe ɗumi, kuma ana iya tuɓe ɗaya in rana ta yi. Ta auduga ta zama ga fata. Kai da ƙafa a rufe. Abin da ya jiƙe a canza shi nan take, ko tsakar dare ne. Kada a shimfiɗa mishi ƙasa tsura: gado, ko tabarma biyu da tsohon bargo ƙarƙashi.

Wuce gona da iri shi ma ciwo ne. Yaron da anka naɗe da asuba, kada a bar shi haka har azahar shina zufa. A taɓa ƙeyarshi, in ta jiƙe a rage. Kada bargo shi rufe mishi hanci da baki. In jikinshi ya yi zafi na masassara, tulin tufa ba magani ba ne, likita ne magani.

WUTA CIKIN ƊAKI

In tufa ta kasa, mutane wuta suke shigarwa ɗaki. Gawayi cikin rufaffen ɗaki na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a ganinta. Tana sa ciwon kai da barci mai nauyi, kuma yaro ta kan fara kashewa. Hayaƙin kara da kashin shanu na cin huhu. Ga gobara: bukka da dannin kara da iskar ɗari, kowa ya san ƙarshen labarin. Ga mai rarrafe da ke faɗawa kasko. A ɗumama ɗaki ƙofa buɗe, a fitar da garwashi kafin a kwanta.

YAUSHE ZA A RUGA GIDAN LIKITA

Ciwon huhu ƙwayoyin cuta ke kawo shi, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗari da ƙura da hayaƙi su ne tsagar. In yaro na tari, a buɗe ƙirjinshi shina kwance shiru, a duba agogon salula, a ƙirga numfashi na minti ɗaya. Wanda bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye haɗari ne. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa in ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko shina suma, ko ba a iya tada shi daga barci, kada a jira mai gida shi bugo waya. Mu maza mu ba da wannan izini tun kafin mu tafi, mu bar kuɗin mota hannun wanda munka yarda da shi.

Allurar rigakafi kuma a cika ta. Tun 2014 Nijar ta sa allurar ciwon huhu cikin alluran jirajirai. Kuma yankin Filinge ne wurin da anka fara sabuwar allurar sanƙarau cikin ƙasar nan, a watan Satumba na 2010. Mutanenmu ba baƙin allura ba ne.

ABIN DA NAKE ROƘON ƘUNGIYA

Mu 'yan bida mun saba kayan ɗiya sai ranar komawa gida, gab da damina, ko kuwa na salla, mai ado. Rigar sanyin da ta iso watan Mayu ta iske ɗari ya riga ya yi abin da zai yi. Tun ran gini ran zane. Saboda haka:

Na ɗaya, kowane mai ƙaramin ɗa ko mai mace da ciki shi aika hula biyu, safa biyu, wando da rigar sanyi da ƙaramin bargo kafin ƙarshen Nuwamba. Kayan bosho sun isa. Na Kwatanu sun san Misebo, na Akara sun san Kantamanto, na Yamai ba sai an gwada musu ba. A wanke a shanya kafin a sa ma yaro. A sayi mai ɗan girma, ta yi shekara biyu.

Na biyu, biro shi ajiye buhu guda. Kayan da ɗiyanmu na birni sunka fi ƙarfi a zuba ciki, a ba direba na amana, dattawa su raba ma marayu da gidajen da ba su da kowa waje.

Na uku, kada mu mance baƙinmu. Tun 2012 Abala ta karɓi 'yan gudun hijirar Mali, bayan haka rashin kwanciyar hankali ya koro 'yan uwanmu daga garuruwan arewa. Wanda ya gudo da abin da ke jikinshi, ɗanshi ya fi namu jin ɗari. Ɗa na kowa ne.

Na huɗu, iyayenmu dattawa da liman su maimaita maganar ga wurin suna da bayan sallar Juma'a. Sarakuwa ba ta jin ta bakin matar ɗanta, amma tana jin taku.

Wanda ya iya karatu shi karanta ma wanda bai iya ba, a kuma karanta ma mata cikin gida. Allah shi raya muna zuriya, shi kai matafiya lafiya shi maido su lafiya, shi ba ƙasarmu zaman lafiya.