Gawayi da Taki a Jigawar Gobir



Manomin Sabon Birni ko na Isa ya san ƙasa iri biyu: fadamar Gulbin Rima, wadda ambaliya kan kawo wa laka, da kuma jigawa, inda ake shuka gero da wake. Jigawa rairayi ce. Ruwa yakan ratsa ta ya wuce, ya tafi da takin zamanin da aka saya da tsada zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. A nan ne maganar gawayi ta shigo.

Gawayin da ake nufi shi ne wanda akan samu idan aka turara kara ko ɓawon gyaɗa a rami, da ƙarancin iska, har ya yi baƙi bai zama toka ba. Masana sun mai da hankali gare shi ne saboda baƙar ƙasar nan ta dajin Amazon a Barazil, wadda Wim Sombroek ya bayyana a 1966. Mutanen da suka zauna can ɗaruruwan shekaru da suka wuce sun zuba gawayi da shara, har yau kuwa ƙasar ta fi ta kewayenta albarka. Bagobiri ba zai yi mamaki ba, domin ya san yadda gero kan yi a kan tsohon juji ko kufai.

Sai dai a lura, gawayi ba taki ba ne, rumbun taki ne. Jikinsa cike yake da ƙananan ramuka masu riƙe ruwa da abincin shuka. Idan aka zuba shi tsura, zai iya tsotse ɗan abin da ke ƙasar, shuka ta yi ɗorawa a shekarar farko, manomi ya ce an yaudare shi. Saboda haka akan daka shi, a cuɗa shi da kashin awaki ko a shimfiɗa shi a turke ya sha fitsari na 'yan makonni, sa'an nan a sa tafi ɗaya a ramin shuka, kamar yadda manoman Tawa suke zuba taki a tassa.

Babbar matsalar ita ce abin da za a turara. Karan gero yana da masu jiransa: dabba za ta ci, za a yi danga, uwargida za ta dafa tuwo. Wanda kuma ya sare gawo ko marke don ya gyara gona, ya sayar da saniya ne ya sayi igiya. Abin da ya rage shi ne ɓuntun shinkafar fadama, wanda ake tarawa tsibi-tsibi a bayan injin casa, sau da yawa a cinna masa wuta. Rashin tsaro ya raba makiyaya da gonakin da suka saba kwana bayan kaka, don haka takin da za a haɗa da ɓuntun sai dai na turken gida, wanda ba ya isar ko gonar bayan gari.