Hoton Matafiyi da Ginin Ƙasa



A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birnin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19. Kafin nan, a Agustan 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya ya rufta kan masu sallar la'asar. Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton waɗannan wurare, ko da a kan hanyarsa ta zuwa biki ne, to yau shaida ce yake riƙe da ita. Tambayata ita ce: magini zai iya aiki da ita?

Galibi ba zai iya ba. Mutum ya tsaya gaban hasumiyar Gobarau a Katsina, babbar rigarsa ta cinye rabin hoton, hasumiyar kuwa ta leƙo ta bayan hula. Ban hana kowa ba, tsaraba ce. Amma bayan wannan a ƙara ɗaukar wani don ginin kansa.

Ku duba Tambutu. A 2012 'yan bindiga suka farfasa hubbaren waliyyan garin. Da maginan garin suka tashi sake gina goma sha huɗu daga ciki, aikin da aka kammala a 2015, sai da suka haɗa tsofaffin hotuna da abin da dattawa suka tuna. Masallacin Zariya ma, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na shekarun 1830, an sauya masa kamanni a shekarun 1970. Abin da ya taimake mu shi ne wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya auna shi, ya zana, ya ɗauki hotuna, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos.

To, yaya ake ɗauka? Ginin ƙasa ba ya son rana tsaka. Hasken da ke saukowa daga bisa yakan shafe zanen bango, ya mai da shi sumul. Ku je da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, kowane tudu da kwarin zane ya samu inuwarsa, har sawun yatsun mai yaɓe ya fito. In kuma kuka tsaya gindin bango kuka ɗaga waya sama, ginin zai fito kamar zai kife ta baya. A ja da baya, a riƙe wayar a miƙe. A bar mutum ɗaya ya tsaya can gefe, don mai kallo ya gane tsayin. Hasumiyar Agadas mita 27 ce, amma hoton da ba kowa a ciki ba ya faɗin haka.

Sannan ku matsa kusa, don nan ne aikin yake. Zanko, indararo, azara, daurin guga, inda yaɓe ya zube tubali ya bayyana, tsagar da damina ta bari. Itatuwan da suka fito daga jikin hasumiyar Agadas, waɗanda baƙi ke ɗauka kwalliya ce, su magina ke takawa in za su yi yaɓe. Ku zagaya har baya, inda ba mai zuwa.

Fada da masallaci suna da masu su. A yi sallama, a nemi izinin dogari ko liman, kada a ɗauki mai sallah ko matan gida.

Abu na ƙarshe shi ne ajiya. WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa kaifi, waya kuma takan ɓata ko ta lalace. Ku ajiye na asalin a wuri biyu, ku rubuta sunan gari, unguwa, kwanan wata, da ɓangaren da kuka fuskanta, gabas ne ko yamma. Ɗalibai, ku kai kwafi sashen tarihi ko na gine-gine na makarantarku.