Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Jawabin da wani tsohon ɗalibi ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyarmu, a babban ɗakin taro na makaranta, Katsina



Lokacin da Sakatare ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi magana yau, sai da gabana ya faɗi, domin na san a sahun gaba za a sami waɗanda suka sha gyara mini Turanci da jan biro. To amma ba a ƙin umurnin manya. Abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda za mu shirya ƙannenmu da ke wannan makaranta idan an kira su intabiyu, wato ganawar da ake yi da ɗalibi baki da baki kafin a ɗauke shi a irin shirye-shiryen karatun nan na dogon hutu waɗanda ba kowa ake ɗauka ba. Ina zaton an zaɓe ni ne saboda na taɓa zuwa na faɗi, kuma wanda ya faɗa rijiya ya fi kowa sanin inda bakinta yake.

Abokan ajinmu za su tuna. A shekarar 2008, muna aji biyar, aka zaɓi mu uku muka cika fom na wani shiri, aka kira ni ni kaɗai zuwa Kaduna. Malamin lissafinmu, wanda ga shi can zaune yana dariya, shi ya cire kuɗin mota daga aljihunsa. Muka bi ta Malumfashi da Funtuwa da Zariya, ina ta haddace dokokin lissafi a cikin mota, domin a zatona jarrabawa za a sake yi mini. Da na shiga ɗakin sai na tarar da mutum uku, maza biyu da mace ɗaya. Matar ta yi murmushi ta ce in ba su labarin kaina. Na faɗi sunana da sunan mahaifina da sunan makaranta, na sunkuyar da kai na yi shiru. Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Idan baƙo ya zo Katsina, me za ka kai shi ya gani, me za ka gaya masa?" Jama'a, ni da nake wucewa ta gindin hasumiyar Gobarau kusan kullum, na kasa cewa komai sai, "Akwai Gobarau." Suka ce ko ina da tambaya. Na ce babu. Ban cika minti goma a ciki ba. Ba wanda ya zalunce ni; mutanen nan sun ba ni dama har sau uku, ni ne ban san abin da suke nema ba.

Yau shekaru sun ja, aikin gwamnati ya sa na sha zama a matsayin mai rubuta maki a kwamitin intabiyu, na ga abin daga ɗaya gefen teburin. Wannan shi ne ɗan abin da na zo da shi.

Da farko ya kamata mu san cewa irin waɗannan ƙofofi suna da yawa, kuma yaranmu ba sa ƙwanƙwasa su ne saboda ba su ji labarinsu ba. Jami'ar Yale ta Amurka ta fara wani shiri na ɗaliban sakandare na Afirka a 2014, a ƙasashen Gana da Habasha. Gwamnatin Amurka ta ɓullo da shirin TechGirls a 2012 domin 'yan mata masu sha'awar kimiyya da kwamfuta. A Johannesburg ta Afirka ta Kudu akwai African Leadership Academy, wadda ta karɓi ɗalibanta na farko a 2008. Akwai kuma makarantun United World Colleges, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a yankin Wales na Birtaniya a 1962, da kwamitocin ƙasa-ƙasa ke zaɓar musu ɗalibai. A nan gida akwai makarantar yara masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya a Suleja, da gasar lissafi da kimiyya ta Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja. Sharuɗɗan kowane shiri sukan sauya daga shekara zuwa shekara, wani ma akan dakatar da shi, saboda haka wajibi ne malami ya duba sanarwar wannan shekarar daga masu shirin kansu. Wasu kan tsaya ga takarda da jarrabawa, wasu kuwa sai sun ga yaro sun ji muryarsa. A kan waɗannan na biyun nake magana.

Abin da ban gane ba a 2008 shi ne, duk wanda aka kira intabiyu ya riga ya ci jarrabawar takarda. Ba a kira shi don a sake auna iliminsa ba. Kwamiti yana son sanin abu uku. Shin yaron nan shi ne ya rubuta abin da ke cikin fom ɗinsa? Shin zai iya zama da baƙin fuska na mako biyu ko uku, ya ci abinci da su, ya yi musu da su ba tare da faɗa ba? Shin in ya dawo zai amfani wani da abin da ya koyo? Kusan duk tambayar da za a yi masa, ko ta wace siga ta zo, ɗaya ce daga cikin ukun nan.

A nan ne muke da matsala tamu ta gida, kuma ina roƙon iyayenmu malamai su yi mini uzuri. An tarbiyyantar da mu cewa yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya tsawaita magana a gaban manya, kuma yabon kai jahilci ne. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba kuma na cewa a yar da ita. Amma wanda ke zaune a kwamiti wataƙila daga Legas ya zo ko daga Nairobi, kuma idan ya ga yaro ya duƙar da kai yana amsawa da "e" da "a'a", abin da zai rubuta shi ne yaron bai da abin faɗi. Ni da idona na ga ana rubuta haka a kan yaran da na tabbata sun fi na gabansu ƙwaƙwalwa. Maganin abin shi ne mu nuna wa yaro bambancin yabon kai da ba da labarin aiki. In ya ce, "Ni haziƙi ne, ni shugaba ne," ya yi yabon kai, kuma ko kwamitin ba zai yarda ba. In ya ce, "A unguwarmu ta Ƙofar Marusa ina tara yara shida bayan la'asar ina koya musu lissafi, biyu sun daina zuwa, na je na tambayi iyayensu dalili," bai yabi kansa ba, gaskiya ya faɗa, kuma ya gaya musu duk abin da suke son ji. Yarinyar da ke riƙe wa mahaifiyarta lissafin adashi ko cinikin ƙuli-ƙuli tana da labarin da ya fi na kulob ɗin muhawara, sai dai ba wanda ya taɓa gaya mata cewa wannan ma abin faɗi ne.

Na biyu, yaro ya san garinsu. Ana ɗaukarsa ne don ya je ya zama ɗan Katsina a cikin baƙi. Ya iya cewa ana danganta Gobarau da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da cewa garin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani ne. Ya san cewa a nan aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu a cikinta, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya Zariya, ita ce Barewa ta yau. Ya san an ƙirƙiro jiharmu a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34. Haka kuma kada ya ɓoye abin da ke damunmu. In an tambaye shi matsalar tsaro ko kwararowar hamada ko yaran da ba sa zuwa makaranta, ya faɗi abin da ya gani da idonsa da abin da yake ganin zai taimaka, kada ya tsaya zagin kowa.

Na uku, gaskiya. Yanzu akwai manhajojin da ke rubuta wa yaro insha'i cikin minti ɗaya, akwai kuma yayye masu tausayi da ke rubuta wa ƙannensu. Wallahi wannan tausayin cutarwa ne. Tambaya biyu kacal ake yi a gane. Wanda ya rubuta cewa ya karanta littafi kaza, za a tambaye shi wane ne ya fi burge shi a ciki. Ku gyara wa yaro nahawu, amma ku bar masa tunaninsa. Kuma ku koya masa cewa "ban sani ba, amma ga yadda zan bincika" amsa ce mai daraja, ta fi kame-kame. Idan bai ji tambaya ba, ya nemi a maimaita. Ba a rage maki a kan haka. Turancinsa kuma ba sai ya zama na gidan rediyo ba, ya dai yi magana a hankali yadda za a fahimta.

Na huɗu, ya tafi da tambayarsa. Idan aka ce, "Kana da tambaya?" ana auna ko ya damu ya san inda za shi. Ya karanta bayanin shirin tun a gida, ya shirya tambaya biyu a kan abin da za a koya ko abin da waɗanda suka riga shi suka yi bayan sun dawo.

Na biyar, ƙananan abubuwan da ke kayar da mutum. Yawancin intabiyu yanzu ta waya ko kwamfuta ake yi, ta Zoom ko makamancinsa. A cika caji tun dare, a sayi data, a gwada wurin da sabis ya fi ƙarfi, a sami ɗaki marar hayaniya, haske kuma ya kasance a gaban fuska. A lura da bambancin lokaci: Afirka ta Kudu tana gabanmu da awa 1, Gana tana bayanmu da awa 1, gabashin Amurka kuwa yana bayanmu da awa 5 a watannin bazararsu, awa 6 a lokacin sanyi. Idan zuwa za a yi, a kwana a garin. Takardar haihuwa da lambar katin ɗan ƙasa da sakamakon jarrabawa su kasance suna ɗaya, harafi ɗaya, domin Muhammad a wannan takarda da Mohammed a waccan kan riƙe fasfo har lokaci ya wuce. A nemi yardar iyaye tun kafin a cika fom, musamman ga 'ya'ya mata, kada sai yarinya ta ci a ce ba za ta ba. Duk wanda kuma ya bugo waya ya ce a turo kuɗi a asusunsa don ya saka sunan yaro, macuci ne.

Mai girma Shugaba, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da na lissafa ba a koyonsa a daren intabiyu, kuma malamanmu aiki ya yi musu yawa. Saboda haka ina da roƙo uku ga wannan ƙungiya. Na ɗaya, mu kafa kwamiti na mutum biyar, a cikinmu akwai likita da lauya da ma'aikacin banki da malamin jami'a, mu riƙa zuwa Asabar ɗaya a kowane wata muna yi wa 'yan aji huɗu da aji biyar intabiyun gwaji, da tebur da kujera da baƙuwar fuska, kamar gaske. Yaron da ya yi rawar murya sau uku a gabanmu ba zai yi ta huɗu a gaban baƙi ba. Na biyu, mu ware wani abu daga asusun ƙungiya don kuɗin mota da data da fasfo, kada a sake barin malami ya cire daga albashinsa. Na uku, ina roƙon malamanmu, idan za su rubuta wa ɗalibi takardar shaida, su ambaci wani abu guda da suka ga ya yi, domin "yaro ne mai ladabi da biyayya" ana rubuta wa kowa.

Ba kowane yaron da muka shirya za a ɗauka ba, gurabun kaɗan ne, masu nema kuwa daga ƙasashe da yawa suke. Amma wanda ya koyi zama a gaban mutum uku ya faɗi ko shi wane ne, zai sake buƙatar wannan ranar neman tallafin karatu, da ranar neman aiki, da ranar ƙarin girma. Ni sai da na kammala jami'a na koya, bayan na sake faɗuwa sau biyu.

Na riga na ba Sakatare sunana a matsayin na farko a wannan kwamiti, takardar kuma tana nan a bakin ƙofa ga mai son sa hannu kafin a tashi. Malam, kuɗin motar Kaduna har yau ban biya ba. Ina roƙon ka karɓi Asabar ɗin nan a madadinsu.