Doki da ragama, kafin doki da linzami

Duk wanda ya kalli Hawan Daushe a Kano ya ga yadda ingarma ke ratsa ƙarar bindiga da kalangu ba tare da ya firgita ba. UNESCO ma ta sanya hawan sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024. Amma wannan natsuwa ta doki ba a ranar hawa ake samun ta ba. Da sassafe ake gina ta, lokacin da mai kula da barga ya kwance doki daga turke, ya riƙe ragama, suka bi bakin gona da ƙafa.

Doki dabba ce mai saurin tsorata. Idanunsa na gefen kai, yana hango kusan ko'ina, sai dai bayansa da daf da goshinsa. Shi ya sa ake tafiya kusa da kafaɗarsa, inda yake ganinka. Ka lura da kunnuwansa: in sun miƙe gaba, wani abu ya ja hankalinsa, in sun kwanta baya, ransa ya ɓaci, ka sassauta. In ya tsaya yana shinshina tsohuwar leda a hanya, bar shi ya gama. Kada ka fizge shi.

Abin da ke damuna shi ne matasan da ba sa kusantar doki sai ranar kilisa. A bar dabba a ɗaure kwana da kwanaki, ƙafafu su kumbura, ciki ya ɗaure, alhali doki ba ya iya amai, sannan a ɗora masa sirdi a zabga masa bulala. Wannan zalunci ne, kuma iyayen gidan barga su hana shi.