Jawabi A Kan Lasin Mahauta Da Duba Nama A Zamanin En'e

Abin da za a tuna yau wani aiki ne na En'e wanda ba a cika ambatonsa ba, watau lasin mahauta da duba nama a kwata.

Tun kafin Turawa su ci Kano cikin 1903, sha'anin nama ba a sake ya ke ba. Kowace babbar kasuwa tana da Sarkin Pawa, wanda ya san mahautan garinsa da inda su ka samo dabba, ga kuma mai yanka bisa shari'a. Abin da a ke gudu a lokacin biyu ne, mushe da saniyar sata. Da aka yi Dokar En'e cikin 1916, aka sabunta ta cikin 1933, sai aka ƙara na uku, watau cuta. A manyan garuruwa aka keɓe wurin yanka, aka yi masa daɓen siminti da magudana. Mahauci ya yanki lasin, ya biya kuɗin yanka, a ba shi rasit, kuɗin su shiga baitulmali.

Masu dubawa iri biyu ne. Akwai malaman dabbobi, waɗanda iliminsu ya dogara ga Vom, inda ma'aikatar ta zauna tun 1924, akwai kuma duba-gari, waɗanda a ke koyarwa a makarantar tsabta ta Kano da aka buɗe cikin 1932. Da asuba malami zai dubi dabba tana tsaye. In an feɗe, ya tsaga harshe da zuciya yana neman ƙwayayen tsila, ya latsa huhu saboda tarin fuka, ya yanka hanta ko da tsutsa. In kuwa ciwon saifa ne, jini ya yi baƙi ya ƙi daskarewa, to, ko fatar ba a cirewa, sai rami.

Nan ne wuyar aikin ta ke. Galibin mahauta bashi su ke ɗaukar sa a hannun dillali, sai sun sayar su biya. Yaro ɗan shekara ashirin, da wuƙa da littafi, shi zai dubi dattijo sa'an ubansa ya ce masa naman nan ba ya shiga kasuwa. Wani ya yi magiya, wani ya yi zagi, wani kuwa ya yi shiru, da maraice a ga cinya ta isa gidan malam. Ba duka ne su ka mayar da cinyar ba, wannan gaskiya ce, amma waɗanda su ka mayar sun sha baƙin jini ba kaɗan ba.

Sa'an nan magana ta zo gaban alkali. Ta mai yankan ɓoye mai sauƙi ce, tara ce, ko a karɓe lasin. Mai wuyar ita ce, wa zai ɗauki hasarar san da aka binne? A mazhabar Malikiyya, aibin da ba a iya gani sai an buɗe abu ba a cika warware ciniki dominsa ba, saboda haka nauyin ya kan faɗa wa mahauci, sai fa in Sarkin Pawa ya shiga tsakani an yi sulhu.

Fata ma an kula da ita, gama tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 cinikinta ya haɓaka, balle ta jar akuyar Sakkwato. Aka hori mahauta su daina huda ƙirgi da wuƙa, su riƙa shanya shi a rataye cikin inuwa maimakon a ƙasa.

Ƙauyuka dai dokar ba ta kai su sosai ba, don malamai kaɗan ne, kasuwanni kuwa ba iyaka. Haka aka tafi har 1976, sa'ad da aka yi gyaran mulki, aikin kwata ya koma hannun ƙananan hukumomi.