Kogin Haɗeja: Amanar Da Ke Hannunmu



Da aka ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, ban yi wata-wata ba na ce Kogin Haɗeja. Da yawanmu mun sha bulala saboda satar jiki zuwa iyo ranar Asabar, ga wasu daga cikin masu bulalar nan suna murmushi. Allah Ya saka musu da alheri, sun fi mu sanin haɗarin ruwa.

Kogin Kano da na Chalawa ne suka haɗu suka haifi wannan kogi. Ya bi ta Wudil, ya wuce Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are wajen Gashuwa. Daga nan sunansa Komadugu Yobe har ya faɗa Tafkin Chadi.

Albarkarsa tana cikin cikowar da yake yi kowace damina. In ya malala fadama, manomi ya sami shinkafa, masunci ya kama tarwaɗa da karfasa, in ruwa ya janye Bafulatani ya kawo shanu. Da hunturu kuma tsuntsaye su zo tun daga Turai. Saboda su da ire-irensu aka sa dausayin Nguru cikin yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2000.

To amma ruwa ba ya tsami banza. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Chalawa a 1992. Sun amfani noman rani da ruwan sha na Kano, wannan ba musu. Sai dai cikowar ta ragu, ruwa kuma ya daina ƙafewa da rani a wasu rassa. Nan kachala ta sami gindin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. Wani gari na kukan ƙishi, wani na kukan ambaliya, kamar yadda muka gani a 2022.

Roƙona biyu ne. Na farko, ƙungiyarmu ta riƙa taimaka wa masu gayyar yanke kachala da kayan aiki. Na biyu, mu ɗauki nauyin kai ƙannenmu ɗalibai bakin kogi sau ɗaya a shekara, tare da malami, ba a sace ba kamar yadda muka yi. Yaron da bai san kogi ba, ba zai ji zafin mutuwarsa ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana.